Hutun Lahadi tun Asabar ake shirya shi

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista na Maraɗi da kewaye a kan kiyaye ranar hutu. Maƙwabtanmu Musulmi ma su karanta, domin da yawa daga cikin abin da za mu faɗa ba ya yiwuwa sai da haɗin kansu.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, Lahadin da za a huta ma tun Asabar ake gane ta. Yawancin waɗanda hutun ke kuɓuce musu ba taurin kai ne ya hana su ba. Gari ne ke waye musu randa ba ruwa, gari bai dawo daga inji ba, aljihu ba kuɗin cefane, ga ɗinkin da aka yi alkawari jiya yana kwance a kan keke. Mai wa'azi zai iya yin awa guda yana tsawatarwa a kan doka ta huɗu cikin Dokoki Goma, wato ta kiyaye ranar hutu, amma wa'azi ba ya cika randa. Kuma a nan ba garin da ke tsayawa dominmu. Tun da mishan ta SIM, ƙungiyar masu wa'azin bishara daga ƙasashen waje, ta sauka Damagaram a 1924, ta ƙaraso Tibiri bayan 'yan shekaru, Kirista 'yan tsiraru ne a wannan ƙasa. Ofisoshin gwamnati da bankuna suna rufe ranar Lahadi, amma tasha tana lodi, shaguna a buɗe, injin niƙa yana kuka. Wanda ke son hutu shi zai gina shi da hannunsa.

Batun wace rana ce, ba za mu daɗe a kai ba. Sunayen ranaku a Hausa sun riga sun nuna lissafin: Lahadi ita ce ta ɗaya, Asabar ta bakwai, kuma sunanta tushe ɗaya ne da kalmar Ibrananci ta hutu. Dokar da ke Fitowa 20:8-11 a kan rana ta bakwai take. Masu bi na farko kuwa sun riƙa taruwa a ranar farko ta mako, ranar da Yesu Almasihu ya tashi, kamar yadda ake gani a Ayyukan Manzanni 20:7 da 1 Korantiyawa 16:2, kuma wajen shekara ta 150 Jastin Shahidi, wani marubucin Kirista na wancan zamani, ya bayyana yadda ake taron Lahadi a birnin Rum. 'Yan Adbantis, wata ɗarikar Kirista, suna kiyaye Asabar daga faɗuwar rana ta Juma'a, cocin Habasha na gargajiya yana girmama ranakun biyu. Romawa 14:5-6 da Kolosiyawa 2:16 sun hana mu yanke wa juna hukunci a kan wannan. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, mai kiyaye Asabar zai iya ja da shi baya da kwana ɗaya.

Abin da ya fi amfani a tattauna shi ne ƙarfe nawa hutun ke farawa. Shawararmu a fara daga magaribar Asabar a ƙare a magaribar Lahadi. Haka lissafin yake a Littafin Firistoci 23:32, daga maraice zuwa maraice, kuma haka Bahaushe ke lissafi tun asali, shi ya sa daren Juma'a yake zuwa bayan yinin Alhamis. Ba a bukatar agogo: kiran sallar magariba daga masallacin unguwa ya ishi kowa alama. Amfanin wannan lissafi biyu ne. Yana tilasta a ajiye aiki da wuri ranar Asabar a yi barci, maimakon a kai ƙarfe ɗayan dare ana guga sannan a je majami'a ana gyangyaɗi. Yana kuma sakin daren Lahadi ga ɗan lakkwal da zai duba darasinsa da ɗan kasuwar da zai ɗaure kayan Litinin, ba tare da zuciya tana sukarsu ba. Wanda ya ce hutunsa daga tsakar dare zuwa tsakar dare ne, yawanci yakan ci kansa ta gaba da ta baya.

Ruwa shi ne farkon abin da ke karya hutu a gidajenmu. A lissafa lita 20 ga kowane mutum a yini, sha da girki da wanka, ban da wanki. Gida mai mutum takwas yana bukatar lita 160, wato jarka mai lita 25 guda bakwai, ko duro ɗaya mai lita 200 cike. In akwai awaki a ƙara lita huɗu zuwa biyar ga kowace a lokacin zafi. A cika tun da safiyar Asabar, kada a jira yamma, domin a watannin Afrilu da Mayu famfo yakan yi rauni da rana kuma 'yan ga-ruwa sukan yi wuyar samu daidai lokacin da kowa ke nemansu. Ruwan sha a zuba a randa a rufe, na wanka a duro. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika duro da safe sannan a yi wankin mako da shi da rana, magariba ta yi duron na rabi. Wanki ya riga, cikawa ta biyo.

Girki ya fi ruwa wuya saboda zafi. Isra'ilawa sun tara manna, abincin da Allah ya saukar musu a jeji, ninki biyu a rana ta shida ba ta lalace ba, amma miyar da aka dafa da azahar ɗin Asabar a watan Afrilu aka bari a tukunya, kafin asuba ta yi tsami. Ga yadda ake yi a gidan da ba firji, ko akwai shi amma wuta ba ta da tabbas. Surfe da wanke hatsi da kai niƙa duk a gama su kafin la'asar ɗin Asabar. Tuwon dare a tuƙa shi da yawa yadda zai kai ɗumamen safe. Nama, in akwai, a soya shi ya bushe sarai a tsane mai. Miya a tafasa ta sosai kafin a kwanta, a rufe, kada wanda ya sake sa ludayi ko hannu a ciki, da asuba a sake tafasawa. Wadda ta fi aminci ita ce a dafa ruwan miyar da kayan haɗinsa a ajiye, kuka ko busasshiyar kuɓewa a kaɗa ranar Lahadi, aikin minti goma ne. Shinkafa da wake ba sa kwana a zafi, yauƙi suke yi, kuma su ne ke kwantar da yara da ciwon ciki ranar Litinin. Abincin rana kuwa ba dole sai an hura wuta ba: dunƙulen fura da aka kirɓa Asabar aka barbaɗe da gari yana kai wa Lahadi lafiya, a dama da nono, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli in an dafa ganyen da safe tare da ɗumame. Guga, kitso, aski, wanke takalman yara, canjin kuɗin baiko, duk na Asabar ne.

A nan ne muke so maza su saurara. A duba gida da ƙarfe shida na safiyar Lahadi. Maigida yana zaune a tabarma da Littafi Mai Tsarki a cinya, ya yi wanka, rigarsa a goge. Uwargida tana tsugune gaban murhu da goyo a baya, hayaƙi a ido, tana kiran babbar ɗiya ta wanke ƙannenta, tana neman ɗan kwalin da ya ɓace. Za ta shiga majami'a ana tsakiyar waƙa ta biyu. In an taso, maigida zai jawo baƙi uku ba sanarwa, ita kuma ta koma murhu har la'asar. Da dare a ce gidan nan sun kiyaye ranar Ubangiji. Mutum ɗaya ne ya kiyaye ta, a kan wuyan wani. A karanta Maimaitawar Shari'a 5:12-15 a hankali: an lissafa ɗa da ɗiya, bara namiji da mace, sa da jaki, da baƙon da ke cikin gari, aka kuma faɗi dalili, domin barorinka su huta kamar yadda ka huta, ka tuna kai ma bawa ne a Masar. Ma'aunin hutun gida ke nan, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a gidan. Saboda haka cika duro da faskaren itace da guga aikin maigida da samari ne ranar Asabar, wanke kwanonin Lahadi kuma a raba wa yara maza da mata. Baƙon Lahadi ya ci abin da aka tarar.

'Yar aiki da almajirin da ke ɗebo ruwa da wanke-wanke suna cikin wannan lissafi. Ba daidai ba ne a ce tunda su ba Kirista ba ne sai a jibga musu aikin ranar mu tafi sujada da hannu mai tsabta. A sallame su ranar Lahadi, a ba almajiri abincinsa kamar kullum ko bai yi aikin ba, kuma kada a zaftare wa 'yar aiki ko dala. In ta fi son hutunta ya zama Juma'a, a ba ta Juma'a cikakkiya, ranar Lahadi kuma aikinta ya tsaya a kan abin da ba makawa. Jakin amalanke ma haka: Fitowa 23:12 ta ambace shi da suna. Jakin da ake ɗaura wa amalanke kwana bakwai, gyambon bayansa ba ya samun ranar bushewa.

Sai masu hannu baka hannu ƙwarya, ɗan kabu-kabu, mai adaidaita, ɗan dako, birkila, mai tuyar ƙosai. Gaya wa irin wannan mutum ya huta ba tare da an yi masa lissafi ba zalunci ne. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: kwana shida ne za su ciyar da bakwai, saboda haka kowace rana a cire kashi ɗaya cikin shida na cefanen yini. Gidan da ke cin jikka uku a rana, a ware dala ɗari kullum daga Litinin zuwa Asabar, ranar Asabar da yamma jikka uku ta cika. Inda abin ke lalacewa shi ne wurin ajiya. Kuɗin da ya kwana a aljihun mai babur, mai ne zai sha shi ko faci. A miƙa wa uwargida kowane dare, ko a jefa a asusun gwangwani da ba a buɗewa sai Asabar, kuma kada a haɗa shi da kuɗin adashi ko na biki. Makon farko da na biyu za a ji jiki, domin ana cire kuɗin kafin a ga amfaninsa. Ikkilisiya tana iya ɗauke wannan da tiya biyu ko uku na hatsi daga baiko ga gidan da ke son farawa, sau ɗaya, ba kowane mako ba.

Wanda babur ɗin ba nasa ba ne yana da ƙarin matsala, domin mai babur yana jiran kuɗinsa kowace rana. Tun ranar karɓar makulli ake gyara wannan, ba ranar da aka ƙi fita ba. A nemi a mayar da yarjejeniyar ta mako, a kai kuɗin Asabar da yamma, ko a yarda babur ya kwana gidan mai shi ranar Lahadi ya ba wani. Masu babura da yawa za su yarda in an nuna musu cewa ranar ce injin ke hucewa. Tela kuwa matsalarsa bakinsa ne. Duk ɗinkin da aka ce a zo a karɓa Asabar da yamma, rabinsa Lahadi ake gama shi, don wuta za ta ɗauke ko wani mai gaggawa ya shigo. Ya riƙa yanka wa kansa Alhamis ko Juma'a, ya daina karɓar sabon yadi kwana goma kafin Kirsimeti da kafin kowace Salla. Mai ƙosai da mai waina su gaya wa masu saye tun da wuri cewa ba tuya ranar Lahadi. Wanda ya sani ba ya fushi, wanda ya aiko yaro ya tarar da kasko a kife shi ne ke canja wuri. Amma in yaron maƙwabta ya yi sallama yana neman gishiri ko ashana na dala biyar, a ba shi. Korar yaro da hannu wofi ba ta ƙara wa kowa tsarki.

'Yan kasuwa su ne suka fi shan jarraba, domin babbar kasuwar Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a, wanda ke nufin Lahadi ce ranar kiraye-kirayen waya daga Katsina da Kano da Damagaram, ranar neman mota da tambayar farashi. A Littafi Mai Tsarki, gwamna Nehemiya ya rufe ƙofofin Urushalima don mutanen birnin Taya masu kawo kifi su daina ciniki ranar Asabar. Yau ƙofar tana cikin aljihu. Kashe salula gaba ɗaya ba ya yiwuwa ga mai tsofaffi a ƙauye, kuma da yawa a cikinta suke karanta Littafi da waƙoƙi. Abin da ke aiki shi ne a kashe data daga magariba zuwa magariba, a bar layin kira a buɗe. Littafi Mai Tsarki a sauke shi cikin wayar yadda zai buɗu ba intanet, in ba haka ba za a kunna data don neman aya a ƙare a WhatsApp. Abokan ciniki a aika musu saƙo Asabar da la'asar: farashi kaza, mota kaza, sauran magana sai bayan magaribar Lahadi. Mai layi biyu ya cire na kasuwa. Bayan mako uku ko huɗu za su saba, kamar yadda kowa ya saba ba a kiran Alhaji ana tsakiyar huɗubar Juma'a.

Gona ita ce inda dattawa kansu ke saɓani, kuma ya kamata a faɗi gaskiya. Fitowa 34:21 ta ce a huta ko a lokacin huɗa da lokacin girbi. A gefe guda, dokar da Sarki Kustantin na Rum ya kafa a 321, wadda ta tsayar da alƙalai da masu sana'a a birane ranar Lahadi, ta ƙyale manoma, saboda ranar da ta dace da shuka ba ta jiran kowa. Manomin jigawa ya san wannan a jikinsa. In ruwan shuka ya sauka daren Asabar wayewar Lahadi, damshin rairayi kwana ɗaya ne zuwa biyu, kuma ba wanda ya san ranar da wani zai biyo. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. A ganinmu shukar ruwan farko tana cikin larura irin ta tunkiyar da ta faɗa rami a Matiyu 12:11. Amma a yi ta da sharaɗi: iri da sungumi a shirye tun watan Mayu, a yi gajeriyar sujada da sassafe kafin a fita, iyalin gida su yi shukar da kansu, sannan a rama hutun a cikin makon. Ikkilisiyoyin ƙauye su yanke wannan shawara tun kafin damina, kada kowa ya saci jiki ya tafi gona yana jin kamar ɓarawo. Wasu suna kauce wa matsalar da binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Yana taimako a wani ɓangare na gona, amma kada a binne duka iri, domin yayyafi kaɗan zai iya tsirar da shi ya ƙone, ga ɓeraye da tururuwa.

Noma da maimai da girbi ba su shiga wannan rangwame ba. Ciyawa ba ta cinye gona a kwana ɗaya, hatsin da ya nuna kuma zai jira Litinin. Wanda ya ce noman Lahadi larura ce, a bincika, galibi ya shuka fiye da ƙarfin hannunsa ne, ko ya tafi ƙwadago a gonar wani ya bar tasa. Haka nan ɗaukar 'yan ƙwadago su yi maka noma ranar Lahadi kana majami'a, wayo ne da bai ɓoyu ga kowa ba. Kuma a biya su kuɗinsu Asabar kafin rana ta faɗi. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta hana hakkin ɗan ƙwadago ya kwana, kuma wataƙila da shi zai yi nasa cefanen hutu.

Masu garka a bakin gulbi da masu noman rani a Jiratawa, ban ruwa ba ya tsayawa cak. Salati da yabanya a watan Maris, kwana ɗaya ba ruwa sun kwanta. A ba su ruwa mai yawa Asabar da yamma, a rufe gindinsu da ciyawa ko karan hatsi don damshi ya daɗe, da asubar Lahadi a yayyafa wa ƙananan kawai. Zogale da rogo da itatuwa za su jure. Tsinka da kai wa kasuwa a bar su. Inda ruwa na layi ne, in naka ya faɗo Lahadi, ka nemi maƙwabci ku yi musanya ka karɓi nasa na Juma'a. Dabbobi kuwa Yesu da kansa ya ce kowa yana kwance sansa ko jakinsa ya kai shi shan ruwa ranar Asabar (Luka 13:15). A shayar, a tatsa, a ba da harawa da dusar da aka tanada. Abin da ba a yi shi ne yankan ciyawa da kai akuya kasuwa.

Wannan musanya da maƙwabci Musulmi ita ce babbar dabara ga ma'aikatan asibiti, masu gadi, jami'an tsaro da yaran shago. Mai jinya ba zai bar mara lafiya ba, Yesu ma ya warkar ranar Asabar. Amma a nemi shugaban sashe kafin a rubuta jadawalin wata, ba bayan an manna shi a bango ba, a ce: ni zan riƙe Juma'a da ranakun Salla, a sakar mini safiyar Lahadi biyu ko uku a wata da Kirsimeti da Ista. Wanda ya zo da tayin ɗaukar nauyi ana sauraronsa fiye da wanda ya zo da koke. In an yi musanya a cika alkawari, domin Juma'a ɗaya da aka saɓa tana rushe amanar shekara. Wanda Lahadi ta kama shi a bakin aiki ya ɗauki ranar da aka ba shi a matsayin hutunsa na gaske, kada ya mayar da ita ranar aikin gini. Masu ɗaukar ma'aikata, Kirista da Musulmi, su sani dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta wajabta hutun mako na aƙalla awa 24 a jere. Ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC da BAC su ma lissafin magariba ya ishe su. Kwanya da ta huta yini ɗaya ta fi riƙe karatu.

Yanzu bari mu taɓa namu gida, domin sau da yawa ikkilisiya ce ke cinye ranar. A shiga sujada ƙarfe takwas, sanarwa ta ci minti arba'in, kowace ƙungiya ta yi waƙa biyu, baiko kashi uku, wa'azi ya fara ƙarfe sha ɗaya lokacin da kwanon rufi ya fara gasa mutane yara suna kuka. A taso, dattawa su shiga taro, zumuntar mata ta shiga nata, matasa su jira mawaƙa su gama koyo, ƙarfe huɗu a dawo sujadar yamma. Mutumin da ya fi kowa himma shi ne ke komawa gida a ragargaje. Markus 2:27 ta ce an yi Asabar domin mutum, ba a yi mutum domin Asabar ba, kuma wannan ya shafi kwamiti. A tsayar da sujada a awa biyu zuwa biyu da rabi, a lokacin zafi a fara ƙarfe bakwai. Sanarwa a rubuta ta a ba mutum ɗaya ya karanta cikin minti goma. Ƙungiyoyin waƙa su riƙa karɓa-karɓa mako mako. Taron kuɗi da na gini a mayar da su wata rana, don aiki ne ko da an buɗe shi da addu'a. A bar aƙalla Lahadi biyu a wata da ba wani taro bayan sujada. Katolika, waɗanda Maraɗi ta zama mazaunin bishop ɗinsu tun 2001, dokarsu ta yarda wanda ya halarci sujadar yammacin Asabar ya sauke nauyin Lahadi. Sauran ikkilisiyoyi za su iya koyon wani abu a nan saboda masu aikin dare, ko da ɗan taro ne na minti arba'in.

Sha'anin maƙwabta ba ya karya hutu. Suna da sassafe ake yi, ana iya zuwa a yi barka a ci goro kafin sujada. Ɗaurin aure in ya haɗu da lokacin sujada, a je gaisuwa da yamma, a kuma aika gudummawa tun Asabar. Jana'iza ba ta jira, a tashi a je. Yammacin Lahadi ma lokacin da ya fi dacewa ke nan da duba mara lafiya a asibiti, gaida gwauruwa, ko leƙa tsohon da ƙafa ta hana shi zuwa majami'a. Gida ɗaya ya isa, ba sai an zagaye gari ba. Barcin rana ba zunubi ba ne. Yara a bar su su yi wasa. Yaron da aka tsare a ɗaki aka hana shi dariya da sunan tsarki, ranar da ya girma ba zai waiwayi majami'a ba. Kallon ƙwallon Ingila da na Sifen a gidan kallo, ba mu ce haramun ba ne, amma saurayin da ya sa kuɗi a caca a kan wasan ba hutu yake yi ba, a dubi yadda gumi ke karyo masa a minti na tamanin.

Saura fasto. Shi Lahadi ce ranar aikinsa mafi nauyi, matarsa kuma ita ce ke dafa wa duk baƙon da ya sauka. Dattawa su rubuta masa rana ɗaya a mako, Litinin ko Talata, su sanar da ita a gaban jama'a, su naɗa dattijo ɗaya da za a riƙa kira a ranar in wani abu ya taso. In ba rasuwa ba ce ko rashin lafiya mai tsanani, kada a buga masa ƙofa, kada kuma a aika yaro gidansa da saƙon wai magana ce 'yar kaɗan.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wasu dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar